Abin da Na Hana Yayana Ci

Ban san zama wahala ne ba sai shekarar da aka rufe jami'a. Ina aji biyu a karatun likita a Sakkwato, malamai suka ajiye alli, aka ce kowa ya kwashe komatsansa ya koma gidan ubansa har sai baba ta gani. Na sauka a tashar Jega da jaka ɗaya da littafin rubutu mai shuɗin bango. Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Kebbi ba, kullum motoci na wucewa da kujeru da katifun ma'aikata zuwa Birnin Kebbi. Kowa na da inda za shi, ban da ni. In na kwanta in tashi, in na tashi in fita, in je bakin gulbi in dawo, in hau motar Aliero don kawai in ga ana ɗura albasa a buhu. Inna, wato mahaifiyarmu, ta ce tun da na dawo tabarmar gidan ba ta san ɗumin jikina ba.

Littafin nan kuwa na karanta shi har ya yi laushi, musamman shafin ƙarshe da na rubuta, darasin da aka yi mana ana gobe za a kore mu. Malamin ɗan gajere ne mai son zane. Ya zana ƙwayoyin jijiya biyu a allo, ya bar 'yar rata a tsakaninsu, ya ce mu lura ba sa taɓa juna. Saƙo yana tsallake ratar ne ta hanyar sinadari: wannan ta fesa, waccan ta karɓa ta zabura, ita ma ta fesa wa ta gaba. Ya ce sinadarin da ya fi kowanne yin wannan aikin zaburarwa a ƙwaƙwalwa sunansa gulutamet, da shi muke koyo, da shi muke tuna fuskar mutum. Akwai kuma wani mai kwantarwa. Don mu gane, sai ya ce mu ɗauka totur ne da birki. In totur ya fi ƙarfin birki, ƙwayoyi masu yawa suka tashi lokaci guda ba mai tsayar da su, abin da ake kira farfaɗiya ke nan. Yana goge alli daga hannunsa ya ƙara da cewa, ai wannan gulutamet shi ne dai a cikin farin magin da iyayenmu ke barbaɗawa a miya. Aji ya yi dariya, ya ce za mu ɗora ranar Litinin. Ba a yi Litinin ɗin ba.

Ni ban yi dariya ba, saboda ina da mai farfaɗiya a gida.

Mu gidan fawa ne. Da babanmu ya rasu, yayana ya gaji teburinsa a kasuwar Jega, teburin da kakanmu ma a wurin ya tsaya. Da safe ya sayar da ɗanyen nama, da la'asar ya hura wuta ya kafa tsire. Wuƙarsa ce ta kai ni makaranta, kuma shi ya fara kirana likita tun ban san inda hanta take a cikin mutum ba, sai dai a cikin rago. Shekaru huɗu kafin wannan lokaci ya faɗo daga saman babbar mota suna dawowa da shanu daga Maiyama. Hannun da ya karye masu ɗori na Aliero suka gyara shi tsaf, amma kan da ya bugu ba a ɗora shi. Bayan watanni ya fara faɗuwa, Allah ya rufa asiri duk a cikin gida. Inna ta kai shi wurin wani mai magani, aka ba shi turare da jiƙo, aka kuma hana shi naman akuya da miyar yauƙi. Haka ake yi a wurinmu, magani ba ya cika sai an faɗa maka abin da jikinka ba ya so, ka bar shi, a ce an kama ciwo. Bai daina faɗuwa ba sai da aka kai shi asibiti aka ɗora shi a kan wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum. Shekara uku bai sake ba.

Ba wanda ya sani a kasuwa, kuma dole kada a sani. Mutanenmu sun yi imani cewa yawun mai farfaɗiya yana ɗaukar ciwon ya sa wa wani. Ba gaskiya ba ne, amma je ka faɗa wa mai sayen nama. Manomi zai iya faɗuwa a gonarsa ya tashi ya karkaɗe riga, mahauci kuwa in ya faɗi sau ɗaya a gaban jama'a, ya gama da teburi. Mu huɗu muka riƙe maganar: shi, da matarsa, da Inna, da ni.

Ƙwayar kuma ba ta yi masa daɗi. Tana sa masa nauyin kai, ya tashi da asuba zuwa mayanka kamar ana jan sa da igiya. Mutumin da a da yake cika kasuwa da barkwanci ya koma mai magana ɗaya-ɗaya. Yakan ce ƙwayar nan ta riƙe shi, amma ta riƙe shi da yawa.

Wata rana da hantsi ina zagaye tsakar gida don rashin abin yi, na tarar da matar yayana tana dakan yajin tsire. Tsakanina da ita wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin ƙanin miji da matar wa. Tana ce mini likitan da ba shi da asibiti, ina ce mata mai tuwo da gudaji. Ta zuba ƙuliƙuli a turmi, da barkono, da citta, da kanumfari, sai ta yage 'yar leda ta juye farin magi a kai. Na ɗauki ledar da ta yar, na karanta rubutun da ke jiki, sai ga sunan nan na shafin ƙarshe. Gabana ya faɗi, amma in faɗi gaskiya, faɗuwar ta zo da daɗi. Yayana yini yake yana ɗanɗana yajin nan. Na ga kamar ni kaɗai a duk ƙasar Jega Allah ya buɗe wa ido, ga totur ana taka shi kullum da cokali, likitoci suna can suna fama da birki.

Ban ko jira abin ya kwana a raina ba. Da aka zauna cin abinci na buɗe littafi a gabansu, na zana musu ƙwayoyin nan biyu a ƙasa da tsinke, na yi bayani da murya irin ta malaminmu. Na ce daga yau farin magi ba ya shiga tukunyar gidan nan, ba ya shiga yaji. Inna, wadda dama sana'arta daddawa ce kuma ta tsani abin tun zuwansa, faɗuwa ta zo mata daidai da zama.

"Ni dama na hwaɗi," in ji ta. "Abu hwari awa gishiri, kuma ba gishiri ba. Ashe shi na ka ta cin ɗana."

Ta dube ni da wani irin kallo da ban taɓa samu daga gare ta ba. Har yau in na tuna kallon nan sai kunya ta kama ni, don na ji daɗinsa ƙwarai.

Washegari a kasuwa, ba kowa a teburin sai ni da yayana, yana wasa wuƙa, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"To likita, in anka bar shi, shi ke nan an gama?"

Abin da ya kamata in ce a bayyane yake. In ce ban sani ba, ya ci gaba da shan ƙwayarsa har mu je asibiti mu tambaya. Amma bakina ya riga hankalina.

"In anka hidda sanadi, yaya, ina ciwo za shi zamna?"

Ban ce ya daina shan ƙwaya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujja, kamar zai wanke ni. Sai dai na san gidan da na fito. Na san a wurinmu in an faɗi abin da jiki ba ya so, to an kai ƙarshen magani. Mai turare ya faɗi nasa bai yi ba, yanzu ga ɗan jami'a ya faɗi nasa da littafi a hannu. Me ya rage wa yayana ya yi da ƙwayar da ke danne shi?

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya canza. Yaya ya riƙa tashi garau, yana tsokanar direbobin tasha, yana tsere da maƙwabcinsa wurin feɗe rago. Barcinsa ya ragu, hannunsa na ɗan rawa in ya miƙa nama, abu kaɗan ya hasala, amma ni duk na lissafa su a cikin alamun sauƙi. Masu sayen tsire sun ɗan yi ƙorafi cewa yajin ya sauya, ya ce musu sabon salo ne. Ni kuwa ƙaiƙayin jikina ya ƙaru maimakon ya ragu. Na fara tsara yadda zan ba malaminmu labari in an koma, har da inda zan ɗan yi shiru don ya yi mamaki.

Ana gobe babbar kasuwa matar yayana ta tare ni a zaure. Na buɗe baki zan tsokane ta, na ga fuskarta ba wasa. Ta buɗe tafin hannunta, ga gwangwanin da ake ajiye ƙwayar.

"Likita, yau kwana tara ba a taɓa ta ba. Yac ce kai kac ce an gama."

Ko da ɗan karatuna na taɓa jin cewa irin wannan ƙwayar ba a yanke ta farat ɗaya. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan yi masa magana. Na fita na nufi kasuwa, na hango shi yana dariya da wani mai albasa, na juya. Na sake dawowa, na sake juyawa. Abin da nake nema shi ne hanyar da zan ce masa ya koma shan ƙwaya ba tare da na ce ni ne na yi kuskure ba, kuma ban samu ba. Sai na hau mota zuwa Aliero, wai zan ari babban littafi wurin wani ɗan ajinmu in tabbatar tukuna. Ban same shi a gida ba. Na dawo na ce wa kaina gobe in kasuwa ta watse sai mu zauna a tsanake.

Kasuwar ba ta kai ga watsewa ba. Wajen la'asar ne, wuta ta kama, tsire na jere, mutanen ƙauyuka sun cika gaban teburin. Ina zaune a benci a bayansa. Na ga ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon wuri ɗaya, sai ya yi wata ƙara da ba tasa ba, jikinsa ya sandare, ya tafi ta gefen wuta. Hannunsa na dama ya sauka a kan garwashi kafin in janye shi. Ya shiga fizge-fizge a ƙasa, kumfa na fita a bakinsa.

Ban taɓa ganin fili ya buɗe da sauri haka a kasuwar Jega ba. Mutanen da yanzun nan suke ture juna don ya sallame su suka ja baya, masu yara suka rufe musu ido. Wani yana cewa kada a taɓa yawun, wani ya fasa albasa ya jefo daga nesa wai in shaƙa masa, wani ya ce a sa masa cokali a baki. Na ture wuƙar da ƙafa, na naɗe rigata na sa masa a ƙarƙashin kai, da ya lafa na juya shi a gefe. Wannan kaɗai na yi daidai a duk shekarar. Da ya farfaɗo bai kalli hannunsa da ya ƙone ba, teburin ya kalla. Tsiren na nan yadda ya jera shi, wasu ma an riga an naɗe su a takarda, masu su sun tafi sun bar su.

Aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka wanke hannun, aka mai da shi kan ƙwayarsa. Ni ban shiga wurin likitan ba, na tsaya a waje wai ina tsaron takalma. Da hannun ya warke ya koma teburi. Ya yi wata guda yana yanka, yana hura wuta. Kullum ina zuwa in zauna a gaba inda kowa zai gan ni, in ci tsire har cikina ya ƙulle, ina yi wa duk wanda ya tsaya bayanin cewa ba a ɗaukar ciwon nan. Su ce haka ne likita, Allah ya ƙara sani, su wuce teburin gaba. Baƙin direbobi kaɗai ke saye, su ma sai wani ya raɗa musu. Sarkin fawa ya zo gida da kansa, ya yi magana mai laushi, ya ce yaya ya ɗan huta har mutane su manta. Duk mun san ba hutu ake nufi ba. Kafin damina yayana ya kwashe iyalinsa da Inna suka koma Gumbin Kure, wurin dangin Inna, aka yanka masa gona. Matarsa ba ta sake kirana likitan da ba shi da asibiti ba. Ta koma gaishe ni da ladabi, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Da aka buɗe jami'a, malamin nan ya shigo aji kamar jiya muka rabu, ya tambaya ina muka tsaya. Ya ce to, game da farin magi, kada wani ya je ya tayar wa uwarsa hankali. Gulutamet ɗin da ake ci, hanji ne ke amfani da mafi yawansa, wanda ya shiga jini kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare shi. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata, ba ta jiran miya. Ya ce abin yana cikin tumatir, yana cikin nama, yana cike a daddawa, shi ya sa take da daɗi. Har ma sinadarin birkin, daga gulutamet ɗin ƙwaƙwalwa ke ƙera shi. Duka bayanin bai fi minti biyar ba. Na rubuta shi a shafin da ke bin wancan, na tashi na fita kafin a tashi aji. Ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni nawa ba a wuyana ya ɗaure ba.

Ban iya jiran hutu ba. Ranar Juma'a na hau mota zuwa Maiyama, daga can na sami mai babur ya ƙarasa da ni. Na tarar da yaya a fadama yana gyaran komin albasa, wato fangalin da ake shuka ta a ciki, yana riƙe da fartanya yadda ake riƙe wuƙa, tabon wuta ya yi fari a bayan hannunsa. Na tsuguna a bakin komi na faɗa masa duka, da shingen, da daddawar, da ranar da matarsa ta nuna mini gwangwani na tafi Aliero. Na ce ni na raba shi da teburin babanmu. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Na sani. Likitan da yad duba ni Birnin Kebbi ya hwaɗa man tun sannan. Har hwaɗa yay yi, yac ce wane jahili na yab ba ni wagga shawara."

Na tambaye shi me ya ce masa.

"Nac ce wani mai maganin ƙauye na."

Ya yi 'yar dariya, ni ban iya ba. Na ce to aƙalla a mai da farin magi tukunya, tunda ba shi da laifi, ni zan yi wa Inna bayani da bakina. Nan ya ajiye fartanya. Ya ce Inna abin da ta sani shi ne ɗanta likita ya gano abin da jikin yayansa ba ya so, shi kuma yayan ya yi sakaci da ƙwaya don taurin kansa. Haka ya faɗa mata, haka kuma take faɗa wa matan garin in sun zo sayen daddawa.

"Ta rasa teburin mijinta," in ji shi. "Likitanta ɗai yar rage mata. Ba ka amshe mata shi."

Da muka koma gida aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji a ciki har ƙamshinta na kaiwa zaure. Inna ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin yadda ta hana maƙwabta biyu sayen farin magi, ta ce musu ɗanta ne ya karanto a Sakkwato. Yaya ya ɗauko gwangwani, ya haɗiye ƙwayarsa a gabana, ya kora da ruwa. Na ci tuwon nan ban ɗago kai ba.

Inna ta rasu ba ta sani ba. Na zama likitan gaske daga baya, yaya ya zama manomin albasa, bai sake faɗuwa a gaban mutane ba, bai kuma sake tsayawa a bayan teburi ba. Bara na je Gumbin Kure suna, wata baƙuwa cikin masu girki ta nemi farin magi. 'Yar yayana, wadda ba a ma haife ta ba lokacin da abin ya faru, ta ce mata ai su ba sa ci a gidan nan, baffa likita ya hana. Na buɗe baki, sai na ga yaya yana kallona daga bakin zaure. Na ce wa baƙuwar ta sa daddawa.